Kafin ka zuba barewar Indiya da jakin dawan Afirka a fili ɗaya, ga yadda ake yi

Bari mu fara da bayan ɗaki tukunna kafin mu tafi gidan zu, don mun daɗe muna haɗa nahiyoyi a gidajenmu ba tare da mun lura ba. Kaza asalinta kudu maso gabashin Asiya ne, talo-talo daga Meziko ya fito, ɗawisun nan da manyan Alhazai ke saki a farfajiya ɗan Indiya ne, zabo ne kaɗai ɗan gida. Nahiya uku a akurki ɗaya kenan. Kuma duk wanda ya taɓa kiwon talo-talo tare da kaji ya san yadda ake ƙarewa, kaji na ta tonon su garau ko mura babu, su kuwa 'ya'yan talo-talo sai kaga sun saki fiffike, kashinsu ya koma ruwan ɗorawa, yau ɗaya ya mutu gobe biyu, maigida yace ai sanyi ne, uwargida tace baki ne. Sau da yawa ba sanyi bane ba kuma baki ba, wata ƙwayar cuta ce mai ɓuya a cikin ƙwan tsutsar hanjin kaza, ita kazar ta saba da abarta bata cika kayar da ita ba, amma hantar talo-talo da ta ɗawisu take ci.

To wannan abin na akurki shine dai a gidan zu da wuraren da ake shiga da mota ana kallon namun daji, sai dai can kuɗin ya fi yawa, asarar ma ta fi ciwo. Mutane in aka ce za a haɗa dabbobin ƙasashe daban-daban tunaninsu na farko shine wa zai cinye wa. Gaskiya wannan shine mai sauƙin, ko yaro ya san ba a ba kura ajiyar nama. Wanda ke kashe dabbobi a ɓoye shine maƙwabci lafiyayye mai sheƙi, wanda ke yawo da cutar da kakanninsa suka saba da ita shekaru dubbai amma baƙon da ka kawo daga wata nahiya jininsa bai taɓa jin labarinta ba. Shiyasa ni a wurina aikin daga likitan dabbobi yake farawa ba daga birkila ba, duk wanda ya fara zuba bulo kafin ya ɗebi jini ya fara ta baya.

Fara da takarda da biro, ba da siminti ba

Ka rubuta duk dabbar da kake son sawa a filin, kowacce ka yi mata tambaya biyu, me take ɗauke da shi wanda baya damunta, kuma me zai kashe ta wanda baya damun saura. Ga waɗanda masu wannan sana'a suka sha wuya a kansu har suka haddace.

Akwai dabbar nan ta gabashi da kudancin Afirka mai kama da sa mai gemu, wadda kuke gani a talabijin dubbai suna tsallaka kogi kada na kama su, wildibis. Kusan dukkansu suna ɗauke da wani bairos na dangin hafis, kuma 'ya'yansu sabbin haihuwa su suka fi zubar da shi ta majina da hawaye a watannin farko. Su ba ya musu komai. Amma ya shiga saniya, ko barewar Asiya, ko ɓaunan Amurka da ake kira baisin, ko shanun dajin Indonesiya, sai zazzaɓi, ido ya yi fari, hanci na zuba, kwana kaɗan dabba ta faɗi, likitoci na kiran cutar MCF kuma ba ta da wani magani da za ka dogara da shi. Makiyayan Masai na Kenya da Tanzaniya sun san wannan tun kafin a ƙirƙiro madubin likita, lokacin haihuwar wildibis na yi suke kaɗa shanunsu su bar wurin ko da ciyawar ta fi kyau a nan. Abin da zai baka mamaki shine tumakin gida ma suna da nasu irin bairos ɗin, tunkiyar nan da ake ajiyewa a ɓangaren yara don su shafa su ɗau hoto ita kanta tana iya kashe maka barewa mai tsadar gaske, kuma ba sai sun haɗa jiki ba, iska na iya kai shi nesa. Don haka in dai akwai wildibis ko tumaki a lissafinka, to barewar Asiya da baisin su fita daga lissafin, ko kuma a kai su can wani gefe mai nisa da ma'aikatansu daban. Irin barewar nan ta ƙasar Sin da ake kira da sunan Père David, wadda ta ƙare a ƙasarta sai a gidan sarautar Woburn a Ingila aka tsirar da ita har aka mayar da wasu Sin a 1985, tana cikin waɗanda cutar nan ke kayarwa nan take.

Birai kuma nasu ya fi rikitarwa don mutum gani yake biri biri ne. Jan birin nan namu da ke ɓarna a gonakin gyaɗa yana iya ɗaukar wani bairos mai sa zubar jini yana tsalle-tsallensa lafiya lau, amma in ya shiga jikin biran Asiya da ake kira makak kusan ba mai tashi. A 1964 aka fara gane cutar bayan ta yi ɓarna a wuraren ajiye birai na bincike a Bethesda ta Amurka da Sukhumi ta tsohuwar Tarayyar Sobiyet, kuma hanya ɗaya da take bi ita ce allura ɗaya a soka wa wannan a soka wa wancan. Su ma makak ɗin ba kanwar lasa bane, suna da nasu hafis ɗin da in ya kama mutum ta cizo ko yakushi yana iya taɓa ƙwaƙwalwa ya kashe, saboda shi ne a shekarar 2000 aka kashe birai sama da 200 a filin safari na Woburn bayan gwaji ya nuna suna ɗauke da shi. A kudancin Amurka ma haka, ƙananan biran nan masu kama da kurege suna da bairos da ke hallaka 'yan'uwansu mamoset, alhali nahiyarsu ɗaya. Dokar dai a taƙaice, birin Afirka daban, na Asiya daban, na kudancin Amurka daban, tsintsiya daban, bokiti daban, allura kuwa ko a mafarki kar a maimaita.

Wanda ya fi tsaya min a rai shine na garin Wuppertal a Jamus a 2010. Fararen beyar ƙanƙara guda biyu suka kama farfaɗiya, macen mai suna Jerka ta mutu, namijin Lars ya sha da ƙyar. Da aka bincika sai aka tarar bairos ɗin asalinsa na jakin dawa ne. Jakin dawan Afirka da beyar can ƙarshen arewacin duniya, a daji har abada ba za su haɗu ba, a gidan zun ma ba keji ɗaya suke ba, tsakaninsu ya kai kusan mita 70, ana dai zargin ɓeraye ne suka yi dakon cutar. Zama da maɗaukin kanwa kenan, ko ba ka taɓa buhun ba sai kanka ya yi fari. Darasin a nan shine haɗa dabbobi ba wai sai ka buɗe ƙofa tsakaninsu ba, ɓera na haɗa su, kwata na haɗa su, takalmin ma'aikaci na haɗa su, baro ɗaya da ake kwashe kashi da shi na haɗa su.

Sai mage. Eh magen gida dai. Akwai ƙwayar cutar da ke fita a kashin dangin kyanwa, toksofilasma, dabbobin da suka taso inda akwai kyanwa tun fil azal sun saba da ita, amma kangaru da 'yan'uwansa na Ostireliya da dabbobin nan masu kama da biri na Madagaska masu zoben jela, wato lima, da biran kudancin Amurka, su cutar na yi musu mummunan kamu, sai dai a wayi gari a tarar da gawa. In za ka ajiye kangaru to rumbun ciyawarsa ya zama mage ba ta shiga, kuma kar ruwan wankin kejin zaki ko damisa ya gangaro ta filinsa. Mugun dawa shi ma yana ɗauke da zazzaɓin aladu na Afirka ta hanyar wata kaska mai laushi, shi ko a jikinsa, aladun Turai da na Asiya kuwa ƙarewa suke. Barewar Amurka mai farar jela tana da tsutsa a kanta da ke bi ta jikin katantanwa ta shiga lama, ɗan'uwan raƙumin nan na kudancin Amurka, ko barewar wata nahiya ta shanye mata ƙafafu. Tsuntsun fengwin kuma maleriyar tsuntsaye da sauro ke kawowa ce ajalinsa, a filin safari na Longleat a Ingila sama da 20 suka mutu a 2016, a Ingila fa, to ka ƙiyasta a inda sauro ke da sarauta.

In wani yace ai duk wannan labarin Turawa ne, ka tuna masa da annobar shanun nan, bushiya. A 1887 sojojin Italiya suka shigo da shanu daga Indiya ta tashar Massawa a Eritiriya, cikin 'yan shekaru cutar ta ratsa nahiyar nan har ta iso garken Fulani a ƙasar Hausa wajen 1890 zuwa 1891, ta share mafi yawan shanu, ta haɗa da ɓauna da raƙumin dawa da sauran masu kofato. Sai a 2011 aka sanar an kawar da ita daga duniya. 'Yan shanu ne a jirgin ruwa suka jawo wannan.

Killacewa

Duk dabbar da ta iso, ko daga gidan zun da ya fi kowanne suna ta fito, sai ta yi aƙalla kwana 30 a killace, birai ma sun fi haka saboda gwajin tarin fuka da ake maimaitawa. Wurin killacewar ya yi nesa da sauran, mai kula da shi da takalmin roba da rigar aikinsa na nan kawai, da kwanon maganin kashe ƙwayoyin cuta a bakin ƙofa ana taka shi shiga da fita. In mutum ɗaya ne dole zai yi duka to ya gama da tsofaffin dabbobi tukunna sannan ya zo wurin baƙi, kar ya koma. A ɗebi jini, a duba kashi sau uku a jere a ga ba tsutsa, a cire kaska, a yi rigakafin da ya dace. Kuma in ana kwana na 20 ka sake kawo wata ka zuba a wurin, lissafi ya koma kwana na ɗaya, nan ne mutane ke ha'inci don sun ƙagu a buɗe kafin sallah.

Takardu ma kar ka raina, yarjejeniyar CITES da aka sa wa hannu a Washington a 1973 ta fara aiki 1975 ita ke kula da cinikin namun daji tsakanin ƙasashe, Najeriya da Nijar duk suna ciki. Dillalin da yace maka zai kawo maka dabba ba takarda ba tarihin lafiya, a araha, cuta yake sayar maka da dabba a matsayin gyara.

Maganar barbara

Abu na biyu bayan cuta shine jini. Dabbobin da teku ya raba su shekaru dubbai in ka haɗa su wasu za su yi barbara su haifi ruwa biyu, kamar dai yadda jaki da goɗiya ke ba da alfadari. Masu kallo na son irin wannan, zaki ya hau damisar Asiya a samu wani ƙato a yi ta ɗaukar hoto, amma a wurin masu kiwon don adana iri wannan asara ce tsagwaronta, ɗan ba na uwa ba ba na uba ba, ba dajin da za a mayar da shi.

Zakin Asiya a dajin Gir da kewayensa a jihar Gujarat ta Indiya kaɗai ya rage. Gidajen zu na Amurka sun yi shekaru suna kiwonsa da alfahari, sai a 1987 gwajin jini ya nuna yawancin nasu akwai jinin zakin Afirka a ciki tun daga kakanni, dole aka tsayar da shirin gaba ɗaya. Kama da wane ba ta wane. A gidan zun Chester a 1978 giwar Asiya ta haifa wa toron giwar Afirka ɗa, aka sa masa suna Motty, bai kai sati biyu ba ya mutu. Har raƙumin dawa ma, waɗanda aka daɗe ana nunawa a Faransa da sunan na Afirka ta yamma, a 2007 aka gano ashe irin Kordofan ne na wajen Chadi da Kamaru, na yamma na gaskiya su ne na Kure kusa da Yamai, waɗanda a 1996 saura 49 kacal kafin a farfaɗo da su su haura 600.

Ga inda abin ke da amfani a zahiri. Mariri, farar dabbar nan mai dogayen ƙahoni lanƙwasassu kamar takobi, a shekarar 2000 aka ce ta ƙare a daji. Waɗanda aka adana a gidajen zu da garkunan Abu Dhabi su aka fara mayarwa Chadi a 2016, yankin Wadi Rime da Wadi Ashim, suka hayayyafa har a ƙarshen 2023 aka cire ta daga jerin waɗanda suka ƙare a daji. Da an bar su sun cakuɗe da 'yar'uwarsu ta Larabawa ko ta Namibiya, don suna iya barbara da juna, da me za a mayar? Saboda haka in dabbobi biyu dangin juna ne na kusa, ko dai kar su haɗu, ko ka ajiye maza zalla, ko a yi wa mazan fiɗiya ko allurar hana haihuwa. Garken maza zalla ma yana rage faɗa sosai in dai ba mace a kusa da za su ji ƙanshinta.

Ci da sha da yanayi

Nan kuma inda ma'aikata ke kashe dabba da kyakkyawar niyya. Ba duk mai kofato ne mai cin ciyawa ba, raƙumin dawa da baƙin karkanda ganyen itace suke ci irin su gawo da ƙaya, jakin dawa da farin karkanda su ne masu kiwo a ƙasa. Ka zuba abinci ɗaya a kwami ɗaya, jakin dawa zai kori kowa ya cinye na raƙumin dawa mai maiƙo ya yi ƙiba kofatonsa ya lalace, shi kuma dogon yana ramewa a tsaye ba wanda ya lura sai ranar da sanyi ya buge shi ya faɗi. Maganin shine a raba da tsayi da kuma faɗin ƙofa, na raƙumin dawa a rataye shi sama, na ƙananan barewa a sa a cikin wani ɗan shinge mai turaku da tazarar da su za su wuce amma babba ba zai iya ba, kuma wuraren cin su fi yawan ƙungiyoyin dabbobin, a warwatse, yadda mugu ɗaya ba zai tsare duka ba.

A kula da abincin buhu. Akwai sinadarin da ake sawa a abincin shanu da na kaji, monensin, kaɗan daga cikinsa na kashe doki da jaki, to jakin dawa ma dangi ne. Dutsen lasa mai jan ƙarfe da yawa yana yi wa barewa amfani amma yana taruwa a hantar tunkiya ya kashe ta. Allurar ibamektin da muke yi wa awaki ta tsutsa da kaska, ka yi wa kunkuru ita ka gama da shi. Ko a kan magani kaɗai za ka ga fili ɗaya ba ya nufin kwano ɗaya.

Yanayi kuma ba a yi masa dabara da yawa. A Turai kuɗinsu na tafiya ne wurin ɗumama ɗakin raƙumin dawa da karkanda da hunturu, a ƙasa mai zafi kuwa matsalar juyewa take, dabbar da aka halitta da bargo a jiki kamar barewar ƙanƙara, ka kawo ta inda zafin Afrilu ke haura digiri 40, azaba kawai ka saya mata. Abin da ya fi dacewa ka duba shine yanayin inda dabba ta fito ba sunan nahiyar ba. Baƙar barewar Indiya da jiminar Ostireliya da ake kira emu sun fi kusa da yanayin Sahel a kan wata dabbar dajin Kongo, duk da ita ce 'yar Afirka. Dabba ba ta san taswira ba.

Filin kansa

Yanzu ne za a kira birkila. Kuma tambayar farko, dole ne sai sun haɗu da gaske, ko so kake mai kallo ya ga kamar sun haɗu? Don tun 1907 wani Bajamushe dillalin namun daji, Carl Hagenbeck, ya warware wannan a gidan zunsa na Stellingen a Hamburg. Maimakon ƙarfuna sai ya haƙa ramuka masu faɗi ya ɓoye su da duwatsu da shuke-shuke, kana tsaye za ka ga tsuntsayen ruwa a gaba, bayansu jakunan dawa da barewa, bayansu zakuna, can sama awakin dutse, duk kamar fili ɗaya, alhali kowa da ganuwarsa. Har gobe wannan dabarar ita ce mafi arha a kan asarar dabba, sai dai ka tuna rami na tare haƙori ne ba ya tare bairos. Ramin masu kofato a yi masa gangare ta ɓangarensu yadda in dabba ta faɗa za ta fito da ƙafarta, na manyan birai kuma a yi hattara da ruwa mai zurfi don ba su iya iyo ba.

In kuma haɗawar gaske ce, to fili ya zama babba, wannan ba abin tsumulmula bane. Longleat da aka buɗe a 1966, wurin farko a wajen Afirka da ake shiga da mota cikin zakuna, da na San Diyego da aka buɗe a 1972 mai eka wajen 1,800, abin da ya sa haɗin nasu ke tafiya shine wanda aka kora yana da inda zai gudu har mai korar ya gaji ya haƙura. Su na San Diyegon ma da duk faɗin nan sun ware filayen Afirka daban na Asiya daban. Kar a bar kusurwa mai tsini a shinge inda za a ritsa dabba, a zagaye ta. Kowane ɗaki ƙofa biyu, ta shiga da ta tsira. A zuba tuddai da kututture da kurmin itace a tsakiya don wanda ba ya son ganin wani ya samu abin fakewa, sau da yawa faɗa na mutuwa ne da zarar ido ya daina ganin ido. Wurin shan ruwa fiye da ɗaya, inuwa fiye da ɗaya. Kuma dole ne, dole, kowane iri ya samu ɗakin kwanansa da ɗan filin ajiya a baya inda za a iya ware shi cikin minti kaɗan, wanda bai gina wannan ba ranar da rikici ya tashi zai ga ba shi da inda zai kai kowa.

Halin dabbobin ma sai ka san shi. Ingarman jakin dawa kyakkyawa ne a hoto amma mugu ne na ƙarshe, an san shi da tattake jariran barewa yana wurgi da su, don haka mai ciki ta kusa haihuwa a ware ta har ɗan ya yi ƙwari. Namijin jimina in wuyansa da ƙafafunsa suka yi ja lokacin barbara ba ya ganin girman kowa har mai ba shi abinci. Sannan akwai rashin jin yaren juna, wata dabbar in ta sunkuyar da kai tana nufin na bi, wata kuma haka take shirin suka, mai ƙaho da marar ƙaho in suka kara kowa da dokar kokawarsa, barewar da ta saba ture-ture da ƙaho mai rassa ta haɗu da mariri mai soke ciki, ai ba wasa ɗaya suke ba. Masu sanyin hali su ne farin karkanda in fili ya ishe shi, da shanun Ankole masu manyan ƙahoni, da lama, da kafibara, ƙaton gafiyar ruwan nan na kudancin Amurka da kowa ke zama kusa da shi.

Za ka ga bidiyon zaki da damisar Asiya da baƙin beya suna kwana tare kace to ai ga shi. Gaskiya ne an yi, a jihar Jojiya ta Amurka, an ƙwato su ne suna jarirai a 2001 daga gidan wani dillalin ƙwaya a Atlanta suka tashi tare a wata mafakar dabbobi har tsufa. Amma tare suka sha wuya tun suna 'yan watanni, ba tsari bane da za ka kwaikwaya da manya. Masu cin nama na nahiyoyi daban kowa da kejinsa, magana ta ƙare.

Ranar haɗawa

Kar ka yi ta ranar da jama'a suka cika, ba ranar sallah ba ba ƙarshen mako ba. Makonni kafin nan a bar su suna ganin juna suna shinshinar juna ta waya, a riƙa musanya musu fili, yau waɗannan su yini a ciki gobe waɗancan, kowa ya san warin kowa. Wanda ya fi tsoro da rauni shi ake fara sakewa shi kaɗai ya yi kwanaki ya haddace filin, ya san ina ruwa ina mafaka ina ƙofa, sannan a kawo masu ƙarfi, mafi mugunta shine na ƙarshe. In ka yi akasin haka mai ƙarfin ya riga ya ɗauka gidan ubansa ne.

A yi da sassafe bayan kowa ya ƙoshi, don a samu yini guda ana kallo. Likita na tsaye da bindigar allurar barci a shirye, mota da direba a ciki, tiyo na ruwa mai ƙarfi, mutum a kan kowace ƙofa kuma kowa ya san wa ke ba da umarni, ba kowa na ihu ba. Ɗan kora da huci da nuna ƙarfi duk daidai ne kar ka yi saurin raba su, abin da za ka tsaya a kai shine kora da ba ta ƙarewa, ko an ware ɗaya an hana shi ci da sha, ko ka ga dabba na zarya a jikin waya tana haki. Kwanakin farko a raba su da dare. Kuma wata uku lafiya ba ya nufin an gama, zo mu zauna zo mu saɓa ne, ranar da ɗan namiji ya balaga ko aka yi haihuwa ko damina ta sauya musu jini lissafin na iya rushewa, shiyasa ake ajiye littafi ana rubuta wa ya kori wa, wa bai ci ba, kullum. Dabbar da ta mutu kuma kar a binne ko a jefa wa kura sai likita ya buɗe ta ya ga dalili, don gawar farko ita ke gaya maka abin da ke zuwa wa saura.

Shingen waje shi ma ka kashe masa kuɗi kamar na zaki, ko da agwagwa ce a ciki. Agwagwar Amurka guda 7 wani Bature masanin tsuntsaye, Peter Scott, ya kawo Slimbridge a Ingila a 1948, 'ya'yansu suka tsere suka kai wajen 6,000 zuwa shekarar 2000, suka tashi har Sifaniya suna barbarar wata agwagwa mai farin kai da ke dab da ƙarewa, sai da gwamnati ta ɗauki maharba aka yi shekaru ana bin su. Dorina 4 babban dillalin ƙwayar nan Pablo Escobar ya ajiye a gonarsa a Kolombiya, da aka kashe shi a 1993 aka bar su don kama su wahala ne, yanzu sun haura 150 a kogin Magdalena, a 2022 gwamnati ta sa su a jerin baƙin dabbobi masu ɓarna. A kudancin Texas kuma wata babbar barewar Indiya, nilgai, da masu gonaki suka saki tun wajen 1930, ita ke tsallaka shinge tana raba wa shanu kaskar da aka sha wuya kafin a kore ta. Don haka waya biyu ake yi da tazara a tsakani, ta cikin ta tsare naka, ta wajen ta hana shanun makiyaya da awakin unguwa zuwa su haɗa hanci da su, a binne gindinta a ƙasa saboda masu tono, tsuntsaye masu tashi kuma a rufe samansu da raga, sannan duk safiya mutum ɗaya ya zagaye shingen da ƙafa, musamman washegarin ruwan sama mai iska.